Kwalba Biyu a Bakin Taga

A Luleå, cikin Janairu,
rana leƙowa take kamar mai bin bashin da ta san babu,
kafin ƙarfe biyu ta juya.
Cikin wannan duhun na tura ƙofar garejin Gunvor
da galan a hammata, ina hura hanci.

Goma da sittin ne, na ce, man 'yan tsere,
Sixten ya rantse mini shi gwanaye ke zubawa.
Ban faɗa mata ya cinye kuɗin cefanen mako ba.

Ba ta ɗago daga cikin injin ba.
Shekararta sittin da ɗaya, yatsa guda guntu,
fanbel ya ɗauke rabinsa tun ba a haife ni ba.
Ta ce, ina littafin motar?
Na ce yana gida.
Ta ce, can ma hankalinka yake.

Sai ta ɗauko kwalba biyu da aka shanye jam ɗinsu,
ta tsiyaya nawa a ɗaya,
a ɗayar ta zuba wani mai ruwan shayi,
sifiri da arba'in, daga durom ɗin da ba ya da hoto.
Ta ajiye su waje, bakin taga,
inda awon sanyi ya sauka talatin ƙasa da sifiri.
Je ka kwana, ta ce.

Da safe, in safiya ce wannan,
ta miƙo mini su da safar hannu.
Karkata.
Nata ya gangaro ba gardama.
Nawa ya tsaya yana shawara da gindin kwalba,
kamar zumar da aka manta a firji.
Ƙirga, in ji ta.
Ɗaya. Biyu. Na kai goma sha bakwai.

Ta ce, duk wannan ƙirgen, turbonka yana juyi a bushe.
Sandar da ke tsakiyarsa ba ta kai kaurin fensir ba,
in ka taka totur tana wulwulawa
fiye da sau dubu ɗari a minti,
kuma ba abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe
sai ɗan mai da bai kai kaurin gashi ba.
Lambar farko ta sanyi ce, ta biyu ta zafi.
Kai ka sayo wa Yuli riga
ka ce Janairu ya sa.

Na ce, to Sixten fa?
Ta yi dariyar da ta ƙare da tari.
Motar Sixten a tirela take zuwa fili,
a ɗumama ta kamar jaririya.
Taka a titi take kwana, ƙanƙara na hawanta.

Ta kwance, ta juye, ta sauya filta,
ta rubuta kilomita a ɗan tef ta manna jikin ƙofa.
Ta tura mini galan ɗina da ƙafa:
mayar musu, rasit bai bushe ba.

Har na kama kambu ta ƙwanƙwasa gilashi.
In ka yi gudu ka iso, kada ka kashe nan take.
Cikinsa ja yake kamar garwashi,
man da ya tsaya a can gawayi yake zama.
Ba shi minti ɗaya.

Yanzu kullum in na dawo ta babbar hanyar Piteå
nakan tsaya ƙofar gida, fitila a kashe, inji na gunaguni.
Ta taga ina hango Maj-Lis tana jera faranti,
yaronmu yana bin kyanwa ƙarƙashin tebur.
Da can a guje nake shiga
da zafin wuni duka a bakina.

Allurar zafi tana sauka a hankali.
Ina ƙirgawa.
Wani lokacin nakan wuce sittin ban sani ba.